Zogale, Za'afaran ko Ƙwayar Asibiti: Wanne Zan Ba Baba Don Idonsa?

Assalamu alaikum. Mahaifina shekarunsa 72, tsohon malamin makaranta ne. Kusan shekara guda yana ƙorafin cewa idan ya buɗe Alƙur'ani baƙaƙen tsakiyar layi suna dushewa, sai an ƙara masa haske. Mun canza tabarau sau biyu bai yi ba. A asibitin ido likita ya duba bayan idon, ya ce tsufa ne ya taɓa tsakiyar ganinsa, ya rubuta AMD, busasshe, matsakaici, a ido biyu. Ya ce babu aikin da za a yi, ya rubuta wata ƙwayar bitamin mai tsada, mu koma bayan wata shida. Gwaggona ta ce a riƙa matse ruwan zogale ana ɗiga masa. Yayana ya kawo za'afaran daga Umara. Ni kuma na ga tallar maganin kurkum a Facebook, wai yana dawo da gani cikin kwana 30. Baba ya sha taba kusan shekara 20 amma ya bari tuntuni, yana shan maganin hawan jini da asfirin. Ya fi yarda da maganin itatuwa a kan na asibiti. Wanne zan ba shi?

'Yar'uwarku daga Zariya

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri bisa tsayuwar da kika yi a kansa.

Kafin komai, kada a ɗiga masa ruwan zogale a ido, ko sau ɗaya. Gwaggo da kyakkyawar niyya ta faɗa, kuma zogale yana da wuri a maganar nan, amma wurinsa cikin kwano ne. Tsawon ƙwayar ido daga gaba zuwa baya kusan milimita 24 ne, ciwon Baba kuwa yana can ƙuryar baya. Abin da aka ɗiga a gaba hawaye ne ke wanke shi cikin 'yan mintuna. Ko magungunan ɗigawa na asibiti, waɗanda aka haɗa musamman don su ratsa, ɗan kaɗan ne ke isa can, shi ya sa idan likita yana son magani ya kai wurin sai ya yi allura. Abin da ruwan ganye yake kaiwa da gaske shi ne ƙwayoyin cuta, musamman irin na funfuna da ke zaune a jikin tsiro. Idan suka sami ɗan ƙarce a gilashin gaban ido sai su buɗe gyambo, gyambon ya warke ya bar hakiya. Ciwon Baba tsakiyar gani kawai yake ci, yana barin gefe wanda mutum zai yi tafiyarsa da shi har masallaci. Hakiya kuwa tana iya rufe duka. Garin neman gira kada a rasa ido. Haka maganar take a kan zuma, ruwan albasa, man habbatus sauda da duk wani abu da ba likitan ido ne ya ba da shi ba.

Ga kuma abin da za ki gaya wa Baba, tunda ya fi yarda da itatuwa: ƙwayar da likita ya rubuta masa, idan ita ce wadda muke zato, muhimmin abin da ke cikinta daga fure aka tatso shi.

A bangon bayan ido akwai wani tantani da haske ke sauka a kansa. A tsakiyarsa akwai ɗan wuri da bai wuce milimita 5 da rabi ba, sunansa makula. Da shi ake karatu, da shi ake gane fuska, da shi ake zura zare a allura. Launinsa ruwan ɗorawa ne, saboda wasu sinadarai masu launi da suke taruwa a wurin, manyansu lutin da ziyazantin. Jikin ɗan Adam ba ya ƙera su, daga abinci suke zuwa, asalinsu kuma tsirrai. A makula suna tace shuɗin haske mai ƙarfi, suna kuma kashe dafin da ke fita idan haske da iskar oksijin suka haɗu a wurin da ke aiki ba hutu tun daga haihuwa. A ƙarƙashin ƙwayoyin gani akwai wata shimfiɗa da aikinta kwashe shara. Idan shekaru suka ja, sharar tana fin ƙarfinta, sai ta taru ɗigo-ɗigo. Waɗannan ɗigon ake kira durusen, kuma girmansu ne likita ya duba ya ce ciwon Baba matsakaici ne. Wannan kalma ta matsakaici ki riƙe ta, don a kanta shawarar ta ginu.

Cibiyar binciken ido ta gwamnatin Amurka ta yi wani babban gwaji mai suna AREDS, aka fitar da sakamakonsa a 2001. An raba mutane fiye da 3,600, wasu aka ba su haɗin bitamin C da E da bita-karotin da zinki da tagulla, wasu aka ba su ƙwayar da babu komai a ciki. A cikin masu matsakaicin ciwo, ko waɗanda ido ɗaya ya riga ya yi nisa, kusan 28 cikin 100 na masu shan ƙwayar banza ciwonsu ya kai matakin ƙarshe cikin shekara 5. A cikin masu shan haɗin, kusan 20 cikin 100 ne. Masu ciwon da yake matakin farko ba a ga amfanin a wurinsu ba. Sannan aka yi zagaye na biyu, AREDS2, da mutum 4,203 masu shekara 50 zuwa 85, sakamako ya fito a 2013. A nan aka gwada lutin miligiram 10 da ziyazantin miligiram 2. An gwada man kifi ma, bai ƙara komai ba. Lutin da ziyazantin sun maye gurbin bita-karotin lafiya lau, kuma waɗanda suka fi cin moriyarsu su ne waɗanda abincinsu ya fi ƙarancin ganye. Da aka bi mutanen har shekara 10, rahoton 2022 ya tabbatar da hakan. Lutin ɗin da ake zubawa a waɗannan ƙwayoyi daga furen marigol ake tatso shi, wani fure mai ruwan lemo da asalinsa ƙasar Meziko ne, yanzu ana noma shi gona-gona a Indiya da Sin saboda wannan aiki.

A cikin duk sinadaran tsirrai da ake ambata wa wannan ciwo, ban da bita-karotin, waɗannan biyun ne kaɗai aka gwada a kan dubban mutane tsawon shekaru.

Maganar tabar da Baba ya sha tana da muhimmanci fiye da yadda kika zata. Tun 1994 wani gwaji a ƙasar Finlan a kan maza masu shan taba fiye da 29,000 ya nuna cewa ƙwayar bita-karotin ta ƙara yawan kansar huhu da kashi 18 cikin 100. A AREDS2 ma, 2 cikin 100 na masu shan bita-karotin sun kamu da kansar huhu, alhali a cikin waɗanda ba su sha ba abin bai kai 1 cikin 100 ba, kuma yawancinsu tsofaffin mashaya taba ne da suka riga suka bari. Bita-karotin shi ma daga tsiro yake, shi ne launin karas da manja. A abinci ba shi da laifi, Baba ya ci karas ɗinsa da miyar manja. Amma a ƙwaya, ga wanda ya taɓa shan taba, a guje shi. Tsohon haɗin mai bita-karotin har yanzu yana yawo a kantunan magani, kuma kwalinsa ya yi kama da sabon.

Don haka ki ɗauki kwalbar ki juya bayanta. Ki nemi rubutun AREDS 2, da lambar 2 ɗin. Jimillar abin da za a sha a rana ita ce bitamin C miligiram 500, bitamin E ma'aunin IU 400, wanda wasu kwalaben ke rubutawa miligiram 180 wasu 268 gwargwadon nau'insa, zinki miligiram 80, tagulla miligiram 2, lutin 10, ziyazantin 2. A jikin kwalba sunayen biyun ƙarshe suna fitowa a matsayin lutein da zeaxanthin. Idan kika ga beta-carotene ki mayar. Yawancin kamfanoni sun raba wannan adadi gida biyu, ƙwaya ɗaya da safe ɗaya da dare, kuma nan ne mutane ke kuskure: su sha ɗaya a rana don kwalba ta daɗe, sai ya zama rabin abin da aka gwada suke sha. Akwai kuma ƙwayoyi da yawa masu hoton ido a kwali da ke ɗauke da lutin miligiram 1 ko 2 kacal, ko babu zinki sam. Arharsu ba riba ba ce. A sha tare da abinci mai ɗan maiƙo, don lutin a cikin mai yake narkewa, kuma zinki a cikin da babu komai yana kawo tashin zuciya da ƙullewar ciki.

Zinkin ne ya fi ba da matsala. Idan ya dami cikin Baba, ki koma wurin likita ki tambaye shi mai miligiram 25, domin AREDS2 ya gwada wannan adadi bai ga wani bambanci a fili ba tsakaninsa da 80. Tagullar da aka sa a ciki don zinki mai yawa yana hana jiki tsotsar tagulla ne, wanda ke jawo ƙarancin jini, saboda haka kada a sayi zinki shi kaɗai a ce an haɗa a gida. A gwajin farko an ga ƙarin matsalolin mafitsara a cikin masu shan zinki, to idan Baba yana da wahalar fitsari irin ta dattawa a sanar da likita. Idan ya taɓa yin tsakuwar ƙoda ma a faɗa, saboda bitamin C. Bitamin E mai yawa yana ɗan rage daskarewar jini, Baba kuma yana shan asfirin. Kada ya daina asfirin ɗinsa, amma likitan da ke duba hawan jininsa ya san an ƙara wannan ƙwaya. Wani abu da ake yawan mantawa: idan aka rubuta masa siprofuloksasin, irin wanda ake bayarwa don taifot ko ciwon mafitsara, ko tetirasaikilin, zinki yana kama su a hanji ya hana su aiki. A sha maganin awa 2 kafin ƙwayar bitamin ɗin, ko awa 6 bayanta.

Ki shirya zuciyar Baba tun yanzu cewa ba zai ji wani sauyi ba. Ƙwayar ba ta wanke dushewar da ta riga ta samu. Aikinta rage yiwuwar abin ya ƙara gaba, kuma ana shan ta ne shekara da shekaru. Dattawa da yawa suna sha wata biyu su ce ba ta yi ba, su ajiye. Ke da 'yan'uwanki kuma ba ku buƙatarta, don ba a nuna tana hana ciwon kama wanda ba shi da shi ba.

Yanzu zogale. Ganyensa na cikin ganyayen da ke da lutin sosai, haka alayyahu, ugu, rama, lalo, ganyen wake da ɗanyen ganyen kuka. Ƙa'idar ita ce, duk yadda koren ganye ya yi duhu, haka lutin ɗinsa yake da yawa. Don ki sami abin aunawa, alayyahun Turawa da aka fi auna shi yana ɗauke da kusan miligiram 12 a giram 100, wato kusan abin da ke cikin ƙwayar yini guda. Kwaɗon zogale kamar don wannan aka ƙirƙiro shi: an dafa ganyen ya yi laushi, wanda ke fasa jikinsa ya saki lutin, ga ƙuli-ƙuli da cokalin man gyaɗa da za su ɗauke shi zuwa cikin jini. Zubar da ruwan dahuwa ba ya tafiya da lutin, tunda ba ya narkewa a ruwa. Abin da ke lalata shi shi ne doguwar suya, da barin miya a wuta awa da awanni, da kuma rana. Kukar da aka shanya a tsakar gida cikin zafin rana har ta koma ruwan ƙasa ta rasa da yawa daga abin da muke nema. Wadda aka busar a inuwa, ta fito kore shar, aka adana ta a rufaffen mazubi nesa da haske, ita ce mai amfani. Haka garin zogale. Ki duba launi kafin ki saya.

Ziyazantin yana da yawa a jar masara, daga sunan masara na kimiyya ma ya samo sunansa, sai tattasai mai ruwan lemo. Idan ana tuwo ko kunun masara a gidanku, a riƙa sa jar maimakon fara. Gwaiduwar ƙwai adadin da ke cikinta kaɗan ne, bai kai rabin miligiram ba, amma da yake a cikin maiƙo yake jiki yana karɓarsa da sauƙi. Karas da aka fi yi wa kirarin maganin ido ba shi ne gwanin wannan fage ba, nasa amfanin na dundumi ne da ƙarancin bitamin A. A ba Baba ganye cikin ƙaramin kwano kullum, ko aƙalla sau biyar a mako. Gishiri da dunƙulen ɗanɗano a rage a kwaɗon, saboda hawan jini shi ma yana cutar da jijiyoyin bayan ido.

Za ki iya tambaya ko abinci zai wadatar a bar ƙwaya, tunda tana da tsada. Lutin kam abinci zai iya kawo shi. Zinki miligiram 80 da bitamin E mai wannan yawa ba abincin da zai ba da su, kuma haɗin gaba ɗaya aka gwada. Ga mai matsakaicin ciwo a ido biyu irin Baba, ra'ayinmu shi ne a haɗa duka biyun. Idan kuɗi ya yanke wani watan, ganyen kada ya yanke.

Za'afaran da yayanki ya kawo, cikin sauran abubuwan da ake ambata shi ne ya fi kusa da samun hujja, amma hujjar ƙarama ce. Launinsa daga sinadarin kurosin yake, wanda dangin lutin ne. A 2010 masu bincike a Italiya sun ba mutum 25 masu ciwon a matakin farko miligiram 20 kullum na wata 3, na'urar da ke auna motsin lantarki a tantanin ido ta nuna ɗan ingantuwa. A 2019 aka fitar da wani gwajin daga Sidni ta Ostareliya a kan mutum 100, shi ma miligiram 20 na wata 3. Ƙarin ganin da aka samu a allon gwajin ido bai kai harafi ɗaya ba a matsakaici. Wata uku kuma ba ya gaya mana ko zai hana ciwon ci gaba, wanda shi ne abin da muke so ga Baba. To a yi amfani da shi a matsayin kayan ƙamshi, ba laifi. Giram ɗaya yana ɗauke da zare wajen 450, ke nan miligiram 20 zare 9 ko 10 ne. A jiƙa su a ruwan ɗumi minti 15 a zuba a shayi ko madara, giram ɗaya ya kai shi kwana 50. Kada a ce tunda kaɗan yana da kyau, da yawa zai fi: giram 5 a lokaci guda guba ne, mai ciki kuma ta tsaya a ɗan abin da ake sa wa girki. Za'afaran na cikin kayan da aka fi yi wa algus a duniya saboda tsadarsa, ana rina gashin masara ko wani fure a sayar da sunansa. Ki jefa zare uku a ruwan ɗumi. Na gaske a hankali yake sakin launin ruwan ɗorawa, zaren ya ci gaba da zama ja. Na jabu nan take yake rina ruwan ja, zaren ya koɗe. Kuma kada ya zama dalilin ajiye ƙwayar likita.

Maganin kurkum na Facebook kuwa, ki riƙe kuɗinki. Ƙwayoyin ganin da suka mutu a makula ba sa sake tsirowa, babu wani abin sha da aka nuna yana dawo da su, ko a kwana 30 ko a shekara. Gaskiya ne sinadarin kurkumin da ke cikin kurkum yana kare ƙwayoyin ido idan aka zuba musu shi a kwanon gwaji, kuma ana ta bincike a kansa. Matsalarsa ita ce hanji ba ya tsotsarsa sai ɗan mitsitsi, hanta kuma tana saurin fitar da wanda ya shiga. Don a magance haka kamfanoni ke haɗa shi da sinadarin masoro, kuma irin waɗannan ƙwayoyi masu ƙarfi su ne likitoci a Amurka da Italiya suka kawo rahoton sun ji wa hantar wasu mutane rauni. Yana kuma iya ƙara wa asfirin ƙarfin tsinka jini. Kurkum a miya ko a shinkafa ba abin tsoro ba ne. Idan mai talla ya nuna miki lambar NAFDAC, ki karanta ƙananan rubutun kwalin, domin a kan magungunan gargajiya da yawa akwai jimlar da ke cewa hukumar ba ta tantance ikirarin warkarwar ba.

Sauran sunayen da za ki ci karo da su ba sa buƙatar dogon bayani. Ganyen ginko an gwada shi a ƙananan gwaje-gwaje biyu, mutum 119 gaba ɗaya, ba a iya yanke hukunci ba, kuma yana ƙara haɗarin zubar jini, don haka bai dace da mai shan asfirin ba. 'Ya'yan goji na ƙasar Sin suna da ziyazantin da yawa, wani ƙaramin gwaji a Kalifoniya a 2021 ya nuna giram 28 sau biyar a mako na kwana 90 ya ƙara kaurin launin makula, amma a kan lafiyayyun mutane ƙasa da 30 aka yi shi. Resberatirol na ɓawon inabi har yanzu yawancin labarinsa na ɗakin gwaji ne da ɓeraye. Koren shayi a sha a kofi, a guji ƙwayarsa mai ƙarfi, ita ma tana taɓa hanta. Dalilin da ya sa abu yake aiki a ɗakin gwaji ya kasa a jikin mutum shi ne, a can kai tsaye ake zuba shi a kan ƙwayoyin, a jiki kuwa sai ya wuce ciki, ya wuce hanta, sannan ya tsallake wani shinge da ke tsakanin jini da tantanin ido wanda ba ya barin komai ya shiga. Lutin da ziyazantin suna da sunadarai na musamman a makula da ke kama su suna ajiyewa. Yawancin sauran ba su da wannan gata.

Akwai abin da ya fi duk waɗannan gaggawa, kuma ba ki tambaye shi ba. Busasshen ciwo yana iya juyewa ya zama jiƙaƙƙe, wato sabbin jijiyoyi marasa ƙwari su tsiro a ƙarƙashin makula su fara yoyon ruwa ko jini. Busasshe a hankali yake tafiya cikin shekaru. Jiƙaƙƙe yana iya cinye tsakiyar gani cikin makonni, kuma shi ne ke jawo mafi yawan mummunar asarar gani a wannan ciwo. Babu ganye ko ƙwaya da ke tsayar da shi. Maganinsa allura ce a cikin ido, bayan an kashe zafin wurin da maganin ɗigawa, aikin 'yan mintuna. Yawanci ana fara ta sau ɗaya a wata har wata 3, sannan a riƙa ba da tazara gwargwadon abin da hoto ya nuna. A manyan gwaje-gwaje kusan 9 cikin 10 ganinsu ya tsaya bai ƙara faɗuwa sosai ba, kusan kashi ɗaya cikin uku ma ya ƙaru. Cikin magungunan allurar akwai Lucentis da Eylea da Vabysmo, akwai kuma Avastin mai sauƙin kuɗi, wanda wani gwaji a Amurka a 2011 ya nuna aikinsa ya yi daidai da na Lucentis. Sharaɗin shi ne a zo da wuri, kafin wurin ya yi tabo.

Yadda za a gane da wuri shi ne gwajin gida. Ki roƙi asibiti su ba ki takardar Amsler, murabba'i ne mai santimita 10 da layuka kamar raga da ɗigo a tsakiya. Ki manna ta a bango inda haske yake da kyau. Baba ya sa tabaransa na karatu, ya tsaya tazarar santimita 30 zuwa 35, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, ya kafa ɗayan a kan ɗigon ba tare da yawo da shi ba, sannan ya canza. Rufe ido ɗayan shi ne gaba ɗayan gwajin, domin idan biyu suna buɗe mai lafiya yana rufa wa mai ciwo asiri har abin ya yi nisa. Ranar farko ku zana da fensir duk inda ya ce ya dushe, don a san yadda aka fara. Ya riƙa yi kullum, misali bayan sallar walaha ko kafin karin kumallo. Idan babu takardar, layin da ya kewaye shafin Alƙur'aninsa ko gefen ƙofa ya isa. Ranar da ya ce miƙaƙƙen layi ya lanƙwashe kamar igiyar ruwa, ko wani baƙin tabo ya fito a tsakiya, ko abu ya ƙanƙance a ido ɗaya, kada ku jira wata shidan nan. A kai shi cikin kwana ɗaya ko biyu, ku ce wa ma'aikatan kai tsaye mai AMD ne layi ya fara karkace masa. Daga Zariya, Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ba ta da nisa.

Idan kun koma asibiti ki tambaya ko an ɗauki hoton OCT, na'urar da ke nuna shimfiɗun makula kamar an yanka burodi. Idan ba a yi ba a yi, don ya zama abin kwatantawa nan gaba. A auna ƙarfin ruwan ido, a duba yana, a gwada suga. A binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007, yanar ido da gilakoma, wato ciwon da hauhawar ƙarfin ruwan ido kan jawo, su ne suka fi makantar da mutane, kuma dattijo yana iya haɗa ɗayansu da AMD. Cire yana kaɗai kan ƙara wa irin su Baba haske sosai. Idan ya taɓa shafe shekaru yana shan kulorokwin akai-akai, kamar yadda mutanen zamaninsa da yawa suka yi don zazzaɓi, a gaya wa likita, domin shi ma yana lalata makula ta hanyar da ke iya kama da wannan. Hayaƙin tabar wasu ma a nisanta shi da shi.

Karatunsa kuma ba sai ya tsaya ba. A nemo masa Alƙur'ani mai manyan baƙi, irin wanda aka raba izu-izu don kada ya yi nauyi. Fitila mai haske sosai a ajiye ta daga bayan kafaɗarsa tana haska shafin, kada ta fuskanci idonsa. Gilashin ƙara girma mai fitila a jiki yana taimakawa, haka waya ko kwamfutar hannu da ake buɗa rubutu da yatsa biyu. Idan fuska tana dushe masa, ya gwada kallon kunnen mutum ko saman hularsa, sai fuskar ta faɗo a gefen makula mai lafiya. Ku gaya wa jikoki da maƙwabta su riƙa faɗin sunansu idan sun gaishe shi, kada a ɗauka girman kai ne ya sa bai gane mutum ba.

Wata rana Baba yana iya cewa yana ganin furanni a bango, ko zane-zane, ko ƙananan mutane suna wucewa ta ɗaki, alhali ya san babu su. Wannan sananne ne ga masu raunin gani, ana kiransa da sunan Charles Bonnet, mutumin Suwizalan da ya bayyana shi a 1760 bayan ya ga kakansa yana fama da shi. Ƙwaƙwalwa ce ke cike gurbin hoton da ido ya daina aiko mata. Dattawa da yawa suna ɓoyewa don tsoron a ce sun taɓu ko iska ce. Hotunan ba sa magana, ba sa taɓa mutum, kuma sau da yawa ƙara haske a ɗakin, ƙifta ido da sauri ko juya ido hagu da dama na 'yan daƙiƙu yana kore su. Ki gaya masa tun kafin ya faru, idan kuma ya faru a sanar da likitan ido a ziyara ta gaba.